Kabad ɗin da ya kashe min amfilifaya

Wata uku kenan ina son rubuta wannan abun ina ta jan ƙafa, sai jiya wani abokina ya turo min hoton amfilifayar da yake son saye, wato akwatin nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi ya tura wa sifika, yana tambayata wai ya na gani, wat 120 ce kowane gefe, hagu da dama. Na ce masa kafin mu zo maganar wat, a ina za ka ajiye ta? Ya yi shiru, can sai ga hoton kabad ɗin talabijin ɗinsa mai ƙofar gilashi, bayansa a rufe ruf in ban da wani ɗan rami na wucewar waya. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai, don irin kabad ɗin da ya kashe min tawa ne sak.

Tawa ba wata ta a zo a gani ba ce, ajin AB ce (amfilifayoyi aji-aji ne gwargwadon yadda suke aiki, zan zo kansu) irin wadda yawancin mutane ke da ita a falo, tana da nauyi dai, in ka ɗaga sai ka ji a ƙugunka. Uwargida ta ce ba ta son ganin wayoyi a warwatse, kuma da gaskiyarta, sai na cusa ta a kantar ƙasa, tsakaninta da katakon sama bai fi faɗin yatsa biyu ba, na kuma ɗora dikoda a kantar da ke kanta, na rufe ƙofa, falo ya yi tsaf kowa ya ji daɗi. Shekara ta farko lafiya lau. A ta biyu ne ta fara wani hali, kana cikin jin waƙa an zo daidai wurin da kake so sai ka ji "ƙas", sauti ya ɗauke, wata 'yar jar fitila ta kama ƙyaftawa a gabanta. In ka bar ta minti goma ta dawo kamar ba ita ba. Ni kuma da wayona sai na ce wayar sifika ce ke taɓa juna, na canza waya, na canza soket, har rimot na zarga. Ko sau ɗaya ban taɓa buɗe ƙofar na sa hannu a saman ta ba tana aiki. Da na yi da tun ranar na gane.

Daga baya sai gefen hagu ya fara wani gurnani ƙasa-ƙasa ko ba a sa komai ba. Akwai yayan wani abokina da ya daɗe yana gyaran kayan sauti, na roƙe shi ya leƙo. Yana buɗe ƙofar kabad ɗin iska mai zafi ta bugi fuskarsa ya ja da baya ya kalle ni. Ya ce "ƙanena, kai ka gasa ta ai." Na ce "Yaya ni fa ba na ƙure murya." Ya ce ba maganar murya ba ce. Ya kwance murfin ya haska min da tocila, ya nuna min manyan kapasitoci guda biyu da ke kusa da taransifoma, wato gwangwanayen nan da ke tara wuta, samansu da ya kamata ya zama a shafe ya kumbura ya yi tudu, ɗaya har wani abu ruwan ƙasa-ƙasa ya tsatso ya bushe a gindinta. Allon da ke kusa da tiransistoci kuma, wato ƙananan abubuwan da ke ƙara wa sautin ƙarfi, launinsa ya sauya ya yi duhu kamar takardar da ta daɗe a rana. Ƙura kuwa ta yi dam a tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke shan zafi, kamar an shimfiɗa masa bargo.

Daga ranar na zauna na bi abun a hankali, kuma abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne kusan duk wutar da amfilifaya ta ja daga bango zafi take komawa a cikin ɗakinka. Wadda ba ta isa sifika ba ta zama zafi a cikin akwatin, wadda ta isa sifikar ma yawanci zafi take zama a cikin naɗin wayar sifikar, don sifikar gida abun da take mayarwa sauti bai fi kashi 1 cikin 100 ba, wasu ma ba su kai ba. Ashe hita ce ka saya mai ɗan waƙa a gefe. Bambancin wannan da waccan kawai shi ne girman hitar da kuma lokacin da take hurawa.

Ajin A su ne uwa uba. Tiransistocinta a buɗe suke kullum, wuta na bi ta cikinsu ko da waƙa ko babu, shi ya sa masoyanta ke cewa sautinta ya fi tsafta don babu wannan 'yar tangarɗar da ake samu wajen miƙa aiki daga tiransista ɗaya zuwa ɗaya. To amma a lissafin littafi mafi sauƙin tsarinta ba ya wuce kashi 25 cikin 100 na wutar da ya ci ya miƙa wa sifika, wani tsarin ya kai 50, kuma wannan a takarda ne, a zahiri ƙasa da haka ake samu. Ka ɗauki mai wat 25 kowane gefe, ba abun mamaki ba ne ka ga tana jan kusan wat 200 daga bango tun daga lokacin da ka danna ta har ka kashe. Abun dariyar ma ta fi zafi lokacin da take zaune shiru, don in waƙa na tashi aƙalla wani kaso na fita zuwa sifika. Jikin mutum in yana zaune yana fitar da zafin kusan wat 100, kenan kamar ka ƙara mutum biyu ne a ɗakin waɗanda ba sa tashi ba sa fita. In kana kunna ta awa biyar a rana yunit ɗaya kenan na wuta kullum, in kuma kana da esi ita ma sai ta ƙara aiki ta kwashe wannan zafin, ka biya sau biyu. Nelson Pass na Amurka ya yi suna a kan irin waɗannan, ka duba hoton kayansa ka ga yadda haƙarƙarin ƙarfe ya cika gefe da gefe, ba ado ba ne, dole ce. Akwai kuma Musical Fidelity A1 ta Ingila ta shekarun 1980, 'yar wat 20 ce amma saman akwatin gaba ɗaya shi ne ƙarfen shan zafin, har yau in ana hirarta sai an ambaci yadda take ƙona hannu, kuma duk da haka mutane na son ta.

Ni ban ce kar a saya ba fa. Na taɓa zama na ji wata ajin A a ɗakin wani, muryar mawaƙiya ta fito kamar tana tsaye a gabanka, na fahimci dalilin da ya sa mutane ke haƙuri da zafin. Amma shi ya ajiye ta ne a fili a kan wani ɗan benci, babu komai a samanta babu komai a gefenta, ɗakin kuma babba.

Masu bawul, wato masu kwalaben nan da ke yin ja in an kunna, su ma haka. Kowace bawul sai an dafa cikinta kafin ta yi aiki. EL34 guda ɗaya wayar da ke ɗumama ta tana cin bolt 6.3 da amfiya 1.5, wajen wat 9 da rabi kenan, in guda huɗu ne a jiki ka tashi da kusan wat 38 tun ba a fara maganar sauti ba, ga kuma zafin da farantin cikin kowace ke fitarwa wanda zai iya kaiwa wat 25. Gilashin yana zafin da zai tashi fata nan take. In da yaro mai rarrafe a gidan ko kyanwa, kejin ƙarfen da ke zuwa da ita kar ka cire shi don kwalliya, na san kwalaben sun fi kyau a buɗe da dare amma ka bari.

Ajin AB wadda ita ce tawa, ita ce ta yaudare ni, don a zaune ba ta da wani zafi sosai, wasu wat 20 wasu 50 wasu fiye, ya danganta da yadda mai ƙirar ya saita 'yar wutar da ke gudana a cikinta in babu waƙa. Ni a tunanina zafi yana tafiya ne da murya, in ka ƙure ta ƙone in ka rage ta huta. Ashe ba haka lissafin yake ba. A tsarin ajin B tsantsa, inda tiransistoci ke karɓa-karɓar aiki, wanda AB ɗin ke kusa da shi, iyakar abun da za ta iya miƙawa kashi 78.5 ne cikin 100 kuma sai a ƙarshen ƙarfinta ake samunsa. Inda ta fi shan wahala shi ne wajen kashi 40 na ƙarfinta. Mai wat 100 in tana ba da wat 100 cif zafin da ke tsayawa a tiransistocinta wajen wat 27 ne, amma in tana ba da wat 40 sai zafin ya kai wajen wat 40, a kowane gefe kuma. Wannan da sauti ɗaya miƙaƙƙe na gwaji ake lissafa shi, waƙa kam tana hawa tana sauka, amma dai ka gane inda aka dosa, tsaka-tsakin nan da muke ganin kamar lallaɓawa ne ba hutu ba ne a wurinta. Shi ya sa a 1974 da hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kafa dokar yadda za a riƙa rubuta wat a jikin kaya, ta ce sai an fara kunna amfilifaya awa ɗaya a kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinta kafin a auna, wato daf da inda ta fi zafi, masu ƙera kaya suka yi ta ƙorafi, a 2000 aka sassauta zuwa ɗaya bisa takwas.

Sai ajin D. D ɗin nan ba dijital take nufi ba, harafi ne kawai da ya biyo bayan C, na daɗe ina wannan kuskuren. Ita tiransistocinta ko dai a buɗe gaba ɗaya ko a rufe gaba ɗaya, suna kunnawa suna kashewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, to da yake ba sa tsayawa a tsakiya zafin kaɗan ne, in tana aiki sosai kashi 90 cikin 100 ko sama da haka na isa sifika. Da can ana raina su ana cewa na sabufa ne da mota, sautinsu a bushe, kuma na farkon gaskiya wasu haka suke. Yanzu labari ya canza, aikin da Bruno Putzeys ɗan Beljiyam ya yi a Hypex ta Holan sannan a Purifi ta Denmak, da ICEpower da ta fito daga Bang & Olufsen, ya sa manyan kamfanoni da yawa suna saka su a kayansu masu tsada. Ko ƙananan akwatunan nan masu cif ɗin TPA3255 na Texas Instruments da ba su fi littafi girma ba suna tura sifikar falo ba tare da sun yi gumi ba. Amma kar a ce ba sa zafi sam, ƙaramin akwati ba shi da jikin da zai baza ko wat 10 ɗin da ya rage, in ka danne shi a tsakanin littattafai zai yi zafi shi ma. Akwai kuma ajin G da H, su AB ne masu dabara, suna zama a ƙaramin bolt sai waƙa ta buƙaci ƙarfi su haura, Arcam na amfani da G a wasu kayanta.

Abun da ya fi tsaya min a rai dai maganar kapasita ce, don ita ce ta mutu a tawa. Irin masu ruwa a ciki ɗin nan in ka duba jikinsu za ka ga an rubuta 85°C ko 105°C, kuma yawanci alƙawarin da masu yin su ke bayarwa kamar awa 2000 ne a wannan zafin. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce duk digiri 10 da ka rage, rayuwarta ta ninka biyu. Mai 85 in tana zaune a digiri 45 ka yi ninkin biyun nan har sau huɗu, awa 32,000 kenan, in awa huɗu kake ji a rana ya haura shekara 20. Ita ɗin dai in ta koma digiri 65 sai awa 8,000, shekara biyar da rabi. Digiri 20 kacal, wanda ƙofar gilashi ɗaya da katako a sama za su iya jawowa cikin sauƙi. Ba lissafin da za ka rantse a kai ba ne amma ya nuna maka yadda abun ke cin kaya a ɓoye, ba hayaƙi ba wari, ruwan cikinta ne ke bushewa a hankali har ranar da za ka fara jin gurnani. Shi tiransista jikinsa na ciki yana iya jure har wajen digiri 150, kuma yawancin amfilifayoyi suna da abun da ke kashe su kafin a kai can, wannan "ƙas" ɗin da nake ji kenan, tana ceton kanta ne ni kuma ina zagin waya. Kapasita ba ta da mai ceto.

Wani abun da mutane ba sa sawa a lissafi, ƙarfen shan zafin ba ya sanyaya komai zuwa wani adadi tsayayye, yana zama ne a saman zafin iskar da ke kewaye da shi. In an ƙera shi ya hau digiri 25 a kan na ɗaki, a ɗaki mai 22 zai tsaya 47, a ɗaki mai 35 zai kai 60, a cikin kabad da iskarsa ta kai 45 kuma 70 kenan. Wanda ya rubuta sharhi yana cewa "ɗumi kawai take yi" ka tambayi kanka a wane irin ɗaki ya gwada, ɗakinsa ba naka ba ne.

Sifikar ma tana da hannu a ciki. Mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta) tana jan ninki biyu na wutar da mai om 8 ke ja a murya ɗaya, kuma lambar da aka rubuta a bayanta matsakaici ne, wata an rubuta 8 amma a wasu sautukan ƙasa tana faɗowa 4 ko ƙasa da haka. Masu haɗa sifika biyu a gefe ɗaya, ko su danna maɓallan zaɓen sifika na A da B tare, ku sani om 8 biyu sun koma 4, om 4 biyu sun koma 2, a nan ne ake jin ƙauri. Sannan duk ƙarin desibel 3, wato ma'aunin ƙarar sauti, sai ka ninka wat, kenan sifikar da ke ba da desibel 91 a wat ɗaya da mai ba da 85 bambancinsu wat ninki huɗu ne don su yi ƙara iri ɗaya. In sifikarka mai saurin tashi ce, 'yan wat kaɗan kake amfani da su a zaman falo na yau da kullum, 120 ɗin da abokina ke ɗoki ba zai taɓa ganin rabinta ba.

Masu risiba ta sinimar gida, mai gefe bakwai ko tara a akwati ɗaya, ku naku ya fi, don ban da amfilifayoyin akwai allon HDMI da na sarrafa hoto da sauti wanda ke zafin kansa ko da murya tana ƙasa, kuma sau da yawa a can sama yake inda zafin kowa ke taruwa. Ku buɗe littafin da ya zo da ita, shafin farko-farkon nan da ba mai karantawa, wasu za ka ga sun ce a bar santimita 30 a sama da 20 a gefe da baya. Ni yatsa biyu na bari.

Yanzu in zan duba amfilifaya lambar da nake nema ita ce wat nawa take ci a kunne ba ta komai. Ba ta sitanbai ba, wannan yawanci ƙasa da wat ɗaya ce ba ta gaya maka komai. Ba kuma babbar lambar da ke bayan akwati kusa da wayar wuta ba. Wasu kamfanonin suna rubutawa wasu ba sa yi, in ba su rubuta ba akwai 'yar mitar da ake sakawa a soket ta nuna maka wat, da ita na gano dikodata ma kanta ba ta da sanyi. Gwajin hannu kuma yana aiki, bayan awa ɗaya tana waƙa ka ɗora tafin hannu a inda ya fi zafi, in za ka iya barinsa ka manta to lafiya, in daƙiƙa biyar ta gagare ka kuma ba ajin A ba ce, akwai magana. Na'urar auna zafi mai jan haske ɗin nan tana da kyau amma a kan ƙarfe mai ƙyalli ƙarya take yi, tana nuna ƙasa da gaskiya, ka manna ɗan baƙin tef ka auna a kansa.

In dole sai kabad, ka cire bayansa gaba ɗaya ko ka huda manyan ramuka ƙasa da sama, don iska mai zafi sama take yi, tana buƙatar ƙofar shiga a ƙasa da ta fita a sama, rami ɗaya ba ya yin komai. Fankar kwamfuta mai milimita 120 da ke juyawa a hankali, a sa ta a sama ta baya tana jan iska waje, ta fi ƙarama mai gudu da za ta dame ka da ƙara a lokacin da waƙa ta yi sanyi. Kar a ajiye ta a kan kafet, ramukan ƙasanta ta nan take shaƙa. Kar a ɗora komai a kanta, ko da kuwa abun ya yi daidai da faɗinta kamar don ita aka yi shi. Ƙura kuma a riƙa hurewa lokaci-lokaci, a cire ta daga wuta tukuna, kuma in ba ka san aikin ba kar ka kwance murfin, manyan kapasitocin nan suna riƙe wuta ko bayan an zare waya.

Tawa dai Yaya ya canza mata kapasitocin ya sa masu 105, ya sake saita ta, ya shafa sabon farin man nan tsakanin tiransistoci da ƙarfen, ta dawo tana aiki, na mayar da ita wani ɗakin a kan tebur a fili. A falo kuma na sa 'yar ajin D, kuma gaskiya a makon farko ina ta kasa kunne ina neman abun da zan kushe, don raina bai so a ce ƙaramin akwati mara nauyi ya yi aikin wancan ba, ban samu wani abun kirki ba in ban da cewa na saba da ganin babbar. Ko ita ɗin ma sai da na ɓalle bayan kabad ɗin kafin na saka ta. Ƙofar gilashin ce har yanzu muke ja da uwargida, ni ina buɗewa in zan kunna, ita tana bi tana rufewa in ta zo wucewa.

Abokina kuwa na ce masa ya ɗauko tef ya auno min tsayin kantar daga ƙasa zuwa katakon sama. Ya turo da safen nan, santimita 19, amfilifayar da yake so kuma tsayinta 17.